Lambar Yabo Ba Ta Kai Ƙashin Yarinya Daraja Ba

Idan ka kalli gasar Olamfik ta Paris a 2024, watakila ka ga 'yan mata biyar suna wasan lanƙwasa jiki tare da kiɗa, suna jefa ƙwallo da zobe da dogon ƙyalle sama, suna cafewa tamkar jiki ɗaya ne. Sin ce ta ɗauki zinare, Isra'ila azurfa, Italiya kuma tagulla. Wasan ba ya wuce minti biyu da rabi. Abin da ba a nuna maka ba shi ne shekarun da yarinya ta kwashe kafin waɗannan mintuna, da abin da aka hana ta ci a cikinsu.

A ƙarshen 2022, Nina Corradini da Anna Basta, tsofaffin 'yan tawagar Italiya, sun fito sun faɗa wa duniya yadda ake ɗora su a kan sikeli kullum a gaban kowa a cibiyar horo ta Desio, ana muzanta wadda nauyinta ya ƙaru. Corradini ta ce har maganin wankin ciki take sha don tsoron awo. Tana ƙaramar yarinya a lokacin.

Wasan rukuni shi ya fi jawo wannan masifa. Ana so su biyar su yi kama da juna, kuma kowace ta san akwai wata a gefe tana jiran gurbinta. Wadda ta yi kuka da yunwa sai a ce tana cin amanar 'yan uwanta. Da haka ake rufe mata baki.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa ba a samun ɗaukaka sai da wahala. Gaskiya ne, atisaye wahala ce. Amma yunwa ba atisaye ba ce. Idan abincin da yarinya ke ci bai kai ƙarfin da take ƙonawa ba, jiki yakan rage wasu ayyukansa don ya tsira. Haila ta ɗauke, sinadarin istrojin ya yi ƙasa, ƙashi ya kasa yin ƙwari, a daidai shekarun da mace ke tara yawancin ƙarfin ƙashinta na rayuwa. Daga nan sai tsagewar ƙashi, da yawan gajiya, da ciwon damuwa. Tun 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince cewa wannan lalura ce ta gaske, ya ba ta suna RED-S. Ba wanda zai ce bai sani ba.

Saboda haka, ke uwa, kai uba, idan 'yarku tana wannan wasa ko makamancinsa, kada ku miƙa wa mai horarwa ikon abin da za ta ci. Idan ta kai shekara 15 ba ta fara haila ba, ko hailar ta ɗauke wata 3, ku kai ta wurin likita, kada ku yarda a ce muku alamar ƙwazo ce. Ku lura idan tana ɓoye abinci, ko tana garzayawa bayi da zarar ta gama ci. Ku tambayi wa ke auna ta, don me, kuma a gaban wa. Idan amsar ba ta gamsar da ku ba, ku ɗauke 'yarku.

Tawaga za ta sami wata a mako guda. Ita kuwa da ƙashin nan za ta tsufa.