Kafin ka juya mafarki, ka fara cika barcinka

Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke sana'ar zemijan a nan Kpangalam, ya zo gaishe ni idanunsa jajir. Na ce, "Lafiya kuwa, ɗana?" Ya ce, "Kawu, koyon juya mafarki nake." Wai ya saita wayarsa tana tada shi sau uku cikin dare, don ya riƙa gane cewa mafarki yake tun yana cikinsa, har ya yi abin da ya ga dama. Amma da zarar ya gane sai ya farka, shi ya sa ya fara karaya.

Ban yi masa dariya ba, domin abin gaskiya ne. A 1975 Keith Hearne ya gwada shi a Jami'ar Hull ta Ingila: mai barci ya yi alamar da aka shirya da shi ta hanyar motsa idanu, alhali na'ura na nuna barci yake. A 2017 kuma Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostareliya ya gwada dabarun koyonsa a kan mutum 169. Waɗanda suka haɗa dabarun duka sun dace a kashi 17 cikin 100 na gwajinsu. Wato ko da dabara, yawancin darare ba a dacewa. To, mene ne na karaya?

Dabarar da ta fi aiki ba ta bukatar tashi sau uku. Mutum ya yi barcin kamar awa biyar, ya farka na ɗan lokaci, sannan ya koma da niyya guda a zuciyarsa: in na sake mafarki, zan tuna mafarki nake. Dalili shi ne barcin da ake yawan mafarki a cikinsa ya fi tsawo gab da safiya. Mu kuwa da ke tashi sallar Asuba, wannan farkawa muna da ita kyauta. Wanda ya kwanta da wuri, kuma aikinsa ya ba shi damar ɗan runtsawa bayan salla, ba ya bukatar ƙararrawa.

Gane mafarki daban, juya shi daban. Zumuɗi ne ke farkar da mutum. Masu binciken sun ba da shawarar a natsu, a murza tafin hannu, a tsaya kan abu ɗaya ƙarami da aka ƙudurta tun kafin kwanciya. Ajiye littafi kusa da shimfiɗa, ana rubuta mafarki da safe, shi ke ƙara tunawa da shi, shi ke riƙe sha'awa in an kwana biyu ba a dace ba. Masu fama da mugun mafarki mai maimaituwa su suka fi kowa bukatar wannan, don wanda ya gane mafarki yake, tsoronsa na raguwa.

Abin da ya dame ni shi ne hanyar da ɗan nan ke bi kullum, wadda ta taso daga Lome, ta ratsa Sokode, ta miƙe Dapaong, cike da tirelolin Burkina Faso. Gyangyaɗin ƙiftawar ido a kan babur ya isa ya hallaka shi da fasinjansa. Wallahi babu mafarkin da ya kai wannan tsada.

Kuma kada wanda ya juya mafarkinsa ya kwasa sai wurin malam neman fassara, ko ya yanke maganar aure ko tafiya a kansa. Malamai sun karantar da mu cewa cikin mafarkai akwai wanda zancen zuci ne kawai, kuma a ganina wanda ka tuƙa da kanka nan ya faɗa.

Na ce wa ɗana ya kashe ƙararrawar nan, ya cika barcinsa, ya gwada dabarar ranar da ba zai hau babur ba. Ku ma iyaye, ku duba idanun 'ya'yanku da safe. Allah ya sa mu kwana lafiya, mu tashi lafiya.