Izinin Baƙin Gilashi da Shingayen Hanyar Jibiya

Ranar 2 ga Oktoba, 2025, ce Sufeto Janar na 'Yan Sanda na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya ajiye domin fara kama motoci masu baƙin gilashi marasa takardar izini. Kuma duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Magama ta nufi Maraɗi, ya ga yadda direba ke tsayawa a shinge bayan shinge, hannunsa a waje da kuɗi a dunƙule, ba zai yi shakkar wanda wannan hukunci zai faɗa wa ba. Ra'ayinmu shi ne a janye shi.

Dokar da ake kafa hujja da ita ta mulkin soja ce, ta 1991, ita kanta kuwa ta yarda da uzurin lafiya. To, wane uzuri ya fi ranar Jibiya a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kujerar mota ta gagara zama? Gilashin gaba, da yake ninki biyu ne da leda a tsakani, yana tare mafi yawan hasken nan mai ƙona fata da ido ba ya gani, amma na gefe yana barin kaso mai yawa ya shige, ya sauka a kan damtsen direba, da jaririn da ke cinyar uwarsa, da zabiya wanda rana ke iya jawo wa sankarar fata. Motocin Kwatano da yawa ma da duhunsu suka baro masana'anta, mai su bai liƙa kome ba, alhali ana so ya nemi izini ta intanet, ya biya, a garin da aka taɓa katse wa layin waya a 2021.

An ce miyagu kan ɓuya a bayan baƙin gilashi, kuma ba mu ce hakan bai taɓa faruwa ba. Sai dai 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Jibiya a kan babura suke zuwa, da bindigogi a bainar jama'a, ba su taɓa bukatar labule ba.

Mutanen Jibiya sun sha isasshe. An rufe musu iyaka a 2019, aka hana kai musu mai, ba a buɗe ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Kowane sabon umurni daga Abuja kuwa, a hanyar nan, sabon dalili ne na karɓar na goro. Shari'a ta ɗora tasarrufin shugaba a kan maslahar talakawansa, mu kuwa ba mu ga maslaha a nan ba sai haraji.

Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja kan wannan umurni. Muna kira ga Sufeto Janar da kada ya jira alƙali ya tilasta masa: ya janye umurnin, ya keɓe gilashin masana'anta da masu larura, ya kuma rage shingayen hanyar Jibiya.