Wasannin Jami'a: Me Ya Hana Kaduna Rawar Gani?

Duk wanda ya san Kaduna ya san ba ta rasa filin wasa ba. Ga filin wasa na Ahmadu Bello, wanda ya karɓi wasu daga wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, ga kuma Dandalin Murtala. Amma Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, har yau ba a jin ɗuriyarta a sahun gaba na gasar jami'o'in ƙasa, wato NUGA, wadda aka faro a Ibadan a 1966.

A ganina, laifin ba na ɗalibai ba ne. Ƙungiyar da ba a tunawa da ita sai saura mako biyu gasa, ta yaya za ta kara da Jami'ar Fatakwal, wadda ta lashe gasar Legas ta 2022? Ita wannan gasa ma an yi ta ne ana tsakiyar yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas.

Ya kamata hukumar jami'a ta ware wa wasanni kasafi na shekara, ta ɗauki masu horarwa na dindindin, ta kuma hana sanya lacca ranar Laraba da yamma.