Kuɗin Motar 'Yan Makaranta: Wa Zai Biya?

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Shagamu, ya san irin saƙon da ke zuwa daga gida idan an kusa komawa makaranta. Da can kuɗin littattafai da na rigar makaranta ake tambaya. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya shiga sahun gaba. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N1,000 kafin ƙarshen 2024.

A Fadan Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a a Jihar Kaduna, garin da ya haifi marigayi Gwamna Patrick Yakowa, abin ya zo wa mutane a mummunan lokaci. A daminar 2023 ɗin ce wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, ta cinye gonaki, alhali kuwa da kuɗin citta ne manoma da yawa ke ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu.

Makarantar firamare ba ta cika nisa da gida ba. A sakandare wahalar take, inda yaro zai baro ƙauyensu ya nufi Fadan Kagoma ko Kafanchan. A ƙaddara cewa mota ko babur na karɓar N500 zuwa, N500 dawowa. Kwana biyar N5,000 ke nan, zangon karatu na mako 13 kuma N65,000. Mai 'ya'ya uku zai nemi N195,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na tarayya ya tsaya a N70,000 a 2024. Uban da ya kasa, ko dai yaro ya taka a ƙasa ya isa aji a gajiye, ko kuma a zaɓi wanda zai zauna a gida. Kowa kuwa ya san 'ya mace ce ake fara ajiyewa.

Gwamnatoci ba su yi shiru ba. A Agustan 2023 Gwamnatin Legas ta rage rabin kuɗin hawa motocin BRT na wani ɗan lokaci. A 2025 Gwamnatin Jihar Kaduna a ƙarƙashin Gwamna Uba Sani ta fito da motocin safa 100 masu amfani da iskar gas, suka fara aiki a birnin Kaduna, ɗalibai suna cikin masu hawa kyauta. Abin a yaba ne. Sai dai babbar safa takan bi babban titi ne, ba ta shiga hanyar ƙauye da ruwa ya zaizaye. Yaron ƙauye ƙaramar hukuma ce mafi kusa da shi, don haka ita ake duba.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun gyaran 1976 da ya kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, ana ɗora musu kaya ba tare da an sakar musu aljihu ba. Kasonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari, a raba wa 774. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma daga ciki ake cire albashin malaman firamare kafin komai. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, amma shekara guda bayan haka ƙungiyar ma'aikatansu, NULGE, tana ta kukan ba a aiwatar ba. Shugaban da bai san abin da zai shigo hannunsa a wata mai zuwa ba, ta yaya zai yi wa iyaye alkawarin shekara?

Duk da haka rashin kuɗi bai isa hujjar naɗe hannu ba. A bi lissafin nan na sama. Idan ƙaramar hukuma ta ɗauki rabin kuɗin motar yara 1,000, za ta biya N32,500,000 a zango, wato N97,500,000 a shekara. Kuɗi ne mai yawa, amma ana iya sa shi a kasafi a kuma bi sawunsa. Abin da ba zai ɗore ba shi ne a ce kowa da kowa kyauta. Jihar Kaduna ta ga misali a 2016, lokacin da ta fara ciyar da 'yan firamare: yara suka cika makarantu, shirin bai yi nisa ba kuɗi suka gagara.

Ingila ta daɗe da samun mafita. Tun dokar ilmi ta 1944, hukumar yanki ce ke ɗaukar yaron da gidansa ya wuce mil biyu daga makaranta idan bai kai shekara takwas ba, ko mil uku idan ya kai. Ma'auni nisa ne, ba sanayya ba. Ko a can hukumomin na kukan nauyin, amma kowa ya san wanda ya cancanta.

Haka ya kamata a yi a Jama'a. A ba da katin rangwame ga yaran nesa kaɗai, shugaban makaranta da mai unguwa su tabbatar da suna. Kada hukuma ta sayi motocin kanta, domin an ga yadda yawancin motocin shirin sufuri na 1988, zamanin Janar Babangida, suka ƙare a kan duwatsu saboda rashin gyara. Gara a yi yarjejeniya da ƙungiyar direbobin tasha zango-zango, a biya su bisa yawan katin da suka kawo. Tun da sakandare ta jiha ce, wajibi ne jiha ta kawo nata kason, kada ta bar wa ƙaramar hukuma ita kaɗai. Sannan a liƙa lissafin a sakatariya a Kafanchan, kowa ya karanta.

Masu cewa gara a zuba kuɗin a gyaran azuzuwa da albashin malamai suna da gaskiyarsu. Amma aji mai sabon rufi ba ya amfanar yaron da bai iya isowa ba.

Mazauna Kudu su ma da nasu aikin. Ƙungiyoyin ci gaban gari da ke taro a Legas da Ibadan da Fatakwal suna da murya a gida. Idan an je Kirsimeti ko Sallah, a tambayi kansila nawa ya shigo, nawa aka ware wa 'yan makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a rubuta kasafin baɗi ya kamata maganar ta isa majalisar ƙaramar hukuma. Allah ya sa masu iko su ji, amin.