Baro: Garin Da Jirgin Ƙasa Ya Raya, Ya Kuma Juya Masa Baya

Duk lokacin da aka tada maganar tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja, sai 'yan siyasa su ce an kusa, an kusa. To kafin mu fara tafi, ya kamata mu mazauna Kudu mu san abin da ya kashe Baro tun farko.

Baro garin Nufawa ne a bakin Kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie. A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga nan zuwa Kano, jirgi ya shiga Kano a 1911. Dabararsu ita ce jirgin ruwa ya hawo da kaya daga teku ya sauke a Baro, jirgin ƙasa ya wuce da su Arewa, ya dawo da gyaɗa da auduga da fatu. Nan da nan aka gina tasha da rumbunan kaya da gidajen ma'aikata, leburori da 'yan tireda suka cika gari.

Sai dai ruwan Kwara janyewa yake da rani, manyan jirage ba sa iya hawowa. Layin Legas kuma ya zo ya haɗe da na Kano a Minna. Da aka gama gadar Jebba wajen 1916, kaya suka koma bi ta can kai tsaye. Baro ta zama reshe, daga baya jirgin ma ya daina zuwa. Yau masunta da manoma suna nan, amma tashar ta zama kufai.

Gwamnati ta yi yunƙuri. Marigayi 'Yar'adua ya ƙaddamar da yashe kogin a 2009, Buhari ya buɗe sabuwar tashar a Janairun 2019, bayan an kashe kusan Naira biliyan 6. Amma an buɗe ta ba dogo mai aiki, titin Agaie zuwa Katcha zuwa Baro kuma ba a gama shi ba. Wane ɗan kasuwa ne zai sauke kaya inda tirela ba ta shiga?

Jama'a, wannan ya shafe mu. Sabon Ibadan da aka kafa a 1916 da zangon Agege, dogo da shanu da goro suka raya su. Yanzu shanu a tirela suke zuwa, ga tsadar mai, ga shingaye barkatai a hanya. A 2016 an ɗauko shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Oko-Oba, daga nan abin bai ɗore ba.

Saboda haka shugabannin kara da sarakunan Hausawa su sa ido. Duk inda ake shirin sabuwar tasha ko tayar da kasuwa, a je a zauna tun ana zana taswira, a nemi wurin sauke dabbobi da takardar fili. Idan hanya ta kauce, ciniki bin ta yake yi. Allah Ya kyauta.