Ilimin da aka kulle, aka sayar da mabuɗin

Iyayen da ke da ƴaƴa a jami'a, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ko ta Maraɗi ko Damagaram, sun san kukan nan: ɗalibi ya gano maƙalar da yake bukata a intanet, sai a nuna masa taƙaitawa kawai, a ce ya biya dalar Amurka 30 ko fiye kafin ya ga sauran.

Abin mamaki, malamin da ya yi binciken ba ya samun ko dala ɗaya daga kuɗin nan. Gwamnati ce ko masu ba da tallafi suka ɗauki nauyin aikin, takwarorinsa malamai suka duba shi kyauta, sannan kamfanin ɗab'i ya karɓe haƙƙin mallaka. Elsevier na ƙasar Holan, babba a cikinsu, ya daɗe yana cin ribar da ta wuce kashi 30 cikin 100. A 2012 dubban masana suka sa hannu cewa sun ƙaurace masa, a 2015 kuma editocin mujallarsa Lingua suka ajiye aiki gaba ɗaya, suka kafa Glossa wadda kowa zai karanta kyauta.

Da surutu ya yi yawa, sai kamfanonin suka canza salo: mai karatu ya huta, marubuci ya biya. Mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a kan maƙala guda a 2021, wato sefa miliyan 6 da ɗoriya. Ina malaminmu mai binciken hatsi ko sanƙarau zai samo su? Wasu kamfanonin na yafe wa ƙasashe matalauta, amma wanda ke jiran alfarma ba ya tsara aikinsa da daɗin rai.

Akwai ƙofofi na halal da ɗalibai da yawa ba su sani ba. AJOL, da aka fara a 1998, ta tara ɗaruruwan mujallun Afirka. Shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2002, yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin Nijar dubban mujallun likitanci kyauta. A tambayi mai kula da ɗakin karatu ko an yi rajista. Sai dai wannan aro ne: a farkon 2011 wasu kamfanoni sun janye mujallunsu daga Bangaladash, sai da likitoci suka tayar da jijiyar wuya kafin a mayar da wasu.