Ƙwayar da Ba a San Hanyarta Ba

A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 a Najeriya, Kebbi da Bayelsa ne a sahun farko. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yara masu ɗauke da cutar. Jihar da ke shan maganin zazzaɓi haka, ga iyaka da Nijar da Benin, ita ta fi buƙatar sanin hanyar da kowane kwali ya biyo.

Ƙaramin tambarin ɗigo-ɗigo mai kusurwa huɗu da ake bugawa a kwalin magani, wanda ƙungiyar GS1 ta Brussels ta tsara, yana ɗauke da abu huɗu: lambar samfurin, lambar rukunin da aka haɗa shi, ranar ƙarewar wa'adinsa, da lambar da wannan kwalin kaɗai ke da ita. Idan aka haska shi a masana'anta, da sito, da kemis, tarihin tafiyarsa zai tsaya a rubuce. Lamba ɗaya ta bayyana a Argungu da Kamba a lokaci guda, an san ɗaya jabu ne.

Ana gane darajar wannan ranar da masifa ta auku. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya. Da rajistar rukuni, da hukumar NAFDAC ta san kantunan da za ta nufa kai tsaye, maimakon cigiya a rediyo.

Sai dai akwai giɓi. A Gesse, kamar a ƙauyukan fadamar Rima, talaka yana sayen kati ɗaya ne ko ƙwaya uku, kwalin kuwa ya riga ya shiga shara. Tambarin da ba a haska ba ado ne kawai.

Gyaran yana hannun mai saye da yawa. Ya kamata gwamnatin jiha ta sa tambarin cikin sharuɗɗan kwangilar magunguna, ta kuma wajabta haskawa a siton jiha da asibitoci irin na Sir Yahaya kafin a biya ɗan kwangila. Wayar hannu mai kyamara ta isa aikin. Masu kemis da ke fasa kwali kuma a wajabta musu rubuta lambar rukuni a littafin ciniki, domin ranar da aka yi kiranye a san gidan da ƙwayar ta shiga.